Ganga Maras Lokaci a Ingilishi da Faransanci da Takwarorinta a Hausar Gobir

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wani ɗan ɓangare na ginin jimla, wato gangar da aikataunta ba ya ɗauke da lokaci, irin wadda masu nahawun Turai suke kira infinitif, sa'an nan ta gwada yadda Ingilishi da Faransanci suke gina ta da abin da Hausa take sawa a gurbinta. A nan za mu riƙa kiranta ganga maras lokaci. An zaɓi Hausar Gobir, musamman ta wajen Sabon Birni da Isa, saboda dalili biyu, ɗaya na tarihi, ɗaya na harshe.

Na tarihin dai sananne ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 Gobirawa sun watsu. Waɗansu suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga bisani kuma, bayan tsakiyar ƙarni na 19, Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka zo rabon ƙasa, suka yi yarjejeniya a 1898 da 1904 da 1906, har jami'ansu, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908, sai Tibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa kuwa hannun Ingila. Sakamakon haka shi ne, 'ya'yan wa da ƙane masu karin harshe ɗaya, wannan ya shiga makaranta ya tarar da Ingilishi, wancan ya tarar da Faransanci. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan gwada harsunan nan uku ba shagalin manazarta ba ne kurum, abu ne da malamin aji yake bukata.

Dalili na harshe kuwa shi ne wata 'yar kalma, shi, wadda za mu zo kanta a sashe na huɗu. Alamar tauraro a gaban misali tana nufin jimlar ba karɓaɓɓiya ba ce.

2.0 Inda Ingilishi da Faransanci suka rabu

Idan mai so da mai aikatawa mutum ɗaya ne, harsunan biyu tafiyarsu ɗaya:

(1) a. I want to come.
b. Je veux venir.

Duka biyu ma'anarsu ina so in zo. Aikatau na biyu ba shi da lokaci, ba shi kuma da aikau na fili. Mai sauraro ne yake gane cewa mai zuwan shi ne mai son. Bambancin da ke akwai na ginin kalma ne: Ingilishi yana sa to a gaba, Faransanci kuwa yana da ɗafa-ƙeya, irin su -er da -ir da -re. Amma da zarar mai zuwan ya zama wani dabam, sai hanya ta rabu:

(2) a. I want him to come.
b. *Je le veux venir.
c. Je veux qu'il vienne.

Ingilishi ya bar gangar yadda take, maras lokaci, ya ba ta aikau nata na kanta, amma cikin siffar karɓau, wato him, ba he ba. Faransanci bai yarda da haka ba. Dole ya buɗe cikakkiyar ganga da que, ya sa aikau cikin siffarsa ta aikau, ya kuma juya aikatau. Haka abin yake ga aikatau na zato:

(3) a. I believe John to be honest.
b. *Je crois Jean être honnête.
c. Je crois avoir raison.
d. *I believe to be right.

Abin lura a nan shi ne kowane harshe ya halatta abin da ɗan'uwansa ya haramta. Richard Kayne ne ya fito da wannan sosai a wata maƙala ta 1981, shekarar da Chomsky ya buga laccocinsa na Pisa. A taƙaice, bayaninsa shi ne, a Ingilishi babban aikatau yana da hanyar da zai ƙetare iyakar ƙaramar ganga ya riƙe aikaunta kamar karɓaunsa ne, kuma kalmar for tana yin wannan aiki a jimloli irin su for him to come, alhali de ta Faransanci ba ta da wannan iko. Ya kuma danganta wannan da wani bambanci: Ingilishi yana iya barin harafi shi kaɗai a ƙarshen jimla, kamar a who did you vote for, Faransanci ba ya iyawa. Ko mutum bai karɓi dukkan ra'in Kayne ba, misalan suna nan daram. Faransanci yana sassautawa ne kawai bayan aikatau na gani da ji da bari, kamar a je vois Jean partir, wato na ga Jean yana tafiya.

3.0 Hanyoyi uku na Hausa

Tambayar da aka saba yi ita ce, shin Hausa tana da aikatau maras lokaci? Idan ana nufin wata siffa ta musamman irin venir, amsa ita ce babu. Lokaci a Hausa ba a jikin aikatau yake ba, yana jikin lamirin da ke gabansa: na zo, zan zo, nakan zo, duk zo ɗin bai canza ba. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ita ce, me ke faruwa idan an cire lamirin? A nan sai mu koma ga rabon aikatau giredi bakwai da F. W. Parsons ya yi a 1960, domin amsar ta danganta da giredi.

Hanya ta farko ita ce sunan aiki. A giredi na 1 da 4 da 5 da 6 da 7 ana samunsa da ɗafa -wa: karantawa, rufewa, sayarwa, kawowa, taruwa. A Hausar yamma akan ji saisuwa a maimakon sayarwa, amma aikinsu a jimla ɗaya ne. A giredi na 2 ba a ɗafa -wa, kuma in karɓau ya biyo baya sai an sa mahaɗi, kamar yadda ake yi tsakanin suna da suna:

(4) a. Ya daina sayen goro.
b. *Ya daina sayi goro.
c. Ya daina sayensa.

Sayen goro gininsa ɗaya da buhun goro. Bagobiri ma zai ce sayenai kamar yadda zai ce dokinai, wanda ya nuna ƙarara cewa wakilin sunan na mallaka ne. Wannan suna ne, ba gardama.

Hanya ta biyu ita ce ta fi jan hankali. Idan aikatau mai ɗaukar -wa ya sami karɓau, sai -wa ɗin ta faɗi:

(5) a. Ya daina karantawa.
b. Ya daina karanta jarida.
c. Ya daina karanta ta.
d. Ya daina karanta wa malam jarida.

Dubi karanta jarida da kyau. A cikinta aikatau ne sosai: siffarsa ita ce wadda ke cikin ya karanta jarida, babu mahaɗi, kuma wakilin sunan da ya biyo shi na karɓau ne, ta, ba na mallaka ba. Amma daga waje duk yankin yana zama inda suna yake zama. Yana zama aikau, kamar a karanta jarida yana da amfani. Yana bin mahaɗi, kamar a lokacin karanta jarida. Yana bin don da kafin da bayan. In za a kore shi ma, da ba mai dogon wasali ake korewa, irin ta suna: ba karanta jarida ba ne aikinka. Har jinsi yana da shi, kuma ba na sunan aikin ba ne, domin muna cewa karantawa tana da wuya, amma karanta rubutun nan yana da wuya. Ko giredi na 2, wanda ya ƙi wannan gini a misali na (4b), yana karɓarsa idan akwai wanda aka yi wa aikin: ya daina saya wa yara goro. Paul Newman a nahawunsa na 2000 da Philip Jaggar a nasa na 2001 duk sun kira wannan yanki da sunan infinitif. A ganina sun yi daidai, muddin an tuna cewa a Hausa sunan na yanki ne gaba ɗaya, ba na kalma ɗaya ba. Karanta ita kaɗai ba ta tsayawa a wannan gurbi. Ba a cewa *ya daina karanta a yi shiru.

To, wannan yanki yana iya ɗaukar aikau nasa na kansa, kamar na Ingilishi? Ba ya iyawa:

(6) a. Ina son karanta jarida.
b. *Ina son Audu karanta jarida.
c. Na hana Audu karanta jarida.

Kada (6c) ta ruɗe mu. Audu a nan karɓaun hana ne, shi aka hana, kamar yadda yake a na hana Audu kuɗi. Ke nan ta wannan fuska Hausa tana sahun Faransanci. Har ma a batun barin harafi a ƙarshe da Kayne ya kawo, Hausa ta fi kusa da Faransanci, domin sai mun ce wuƙar da ya yanka nama da ita, ba ma tsayawa a kan da. Sai dai ba zan matsa wannan ba, saboda muna cewa mutumin da na gaya wa, kuma matsayin wa ɗin nan abu ne da manazarta suka daɗe suna ja-in-ja a kansa.

Hanya ta uku ita ce wadda Bahaushe ya fi bi, wato cikakkiyar ganga mai lamirin umurni: in, ka, ki, ya, ta, mu, ku, su, a. Da ita ake cike gurbin da (6b) ta bari: ina so Audu ya karanta jarida. Wannan ya yi daidai da que ta Faransanci. Amma akwai inda Hausa ta yi gaban kanta. Faransanci yana hana wannan gini idan mai so da mai aikatawa mutum ɗaya ne, Hausa kuwa ba ruwanta:

(7) a. Ina so in zo.
b. Ina son zuwa.
c. *Je veux que je vienne.

4.0 Matsalar shi a Hausar Gobir

Yanzu sai mu zo ga dalili na biyu da ya sa aka zaɓi Gobir. A Hausar Kano, wadda daidaitacciyar Hausa ta dogara a kanta, lamirin umurni na namiji guda shi ne ya. A Gobir, kamar sauran Hausar yamma, shi ne ake cewa, kamar yadda ake cewa shina a maimakon yana:

(8) a. Na so ya zo.
b. Na so shi taho.

Wanda ya san Ingilishi, in ya dubi (8b), zai ga kamar ga I wanted him to come nan kalma bayan kalma: na so shi, sa'an nan taho. Kuma ba a rubuce kawai ba, har a kunne, domin shi ta na so shi, wato na ƙaunace shi, da shi ta na so shi taho duk gajeru ne masu karin sauti ƙasa. Idan haka ne, ashe Gobiranci yana da ginin nan na Ingilishi wanda muka ce Hausa ba ta da shi, wato karɓau ya zama aikaun aikatau maras lokaci?

Kafin a amsa, ya kamata a lura cewa wannan ruɗani ba na Gobir kaɗai ba ne. A kowace Hausa ka, ki, ta, mu, ku, su suna da siffa ɗaya, ko suna karɓau ko suna lamirin umurni: na so ka, na so ka zo. Abin da ke tona asiri a Hausar Kano shaidu uku ne: ni da in sun bambanta, shi da ya sun bambanta, sa'an nan a ba ta da takwara a cikin karɓau. Gobir ta rasa shaida ta tsakiya, kuma ita ce wadda aka fi kafa misali da ita a aji, tun da littattafan koyon Ingilishi cike suke da he da him. Sauran biyun suna nan:

(9) a. Ya so in taho.
b. *Ya so ni taho.
c. Ya so a taho.

Da karɓau ne ke wannan gurbi, da (9b) ce za ta yi daidai, (9c) kuwa ba za ta yiwu ba sam, domin ba a cewa *ya ga a. Akwai kuma shaida ta uku, ita ce idan an ambaci sunan mai zuwan. A Ingilishi suna yana maye gurbin him, ba sa haɗuwa. A Gobir kuwa suna ya zo, shi kuma tana nan ba ta gusa ba:

(10) a. Na so Audu shi taho.
b. I wanted Audu to come.
c. *I wanted Audu him to come.

Shaida ta huɗu ita ce korewa. Kada tana shiga ne gaban shi, ba bayanta ba: na so kada shi taho. Ingilishi kuwa yana sa not bayan him: I wanted him not to come. Wato iyakar ganga a Gobiranci tana gaban shi, kuma shi tana cikin ƙaramar ganga dungurungum.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ita ce ta aikatau irin su roƙa da umurta da gargaɗa, waɗanda suke da karɓau na gaskiya, mutumin da aka fuskanta da magana:

(11) a. Na roƙe shi shi taho.
b. Na roƙe ka ka taho.
c. Ya roƙe ni in taho.

Ga su nan biyu a jere, ta farko karɓaun roƙa, ta biyu lamirin taho. A nan Hausa ta bayyana wani abu da Ingilishi ya ɓoye. I asked him to come da I wanted him to come kamarsu ɗaya a ido, har sai da masu nazarin Ingilishi suka ƙirƙiro gwaje-gwaje kafin su nuna cewa a ta farko him shi aka roƙa, a ta biyu kuwa ba him ake so ba, zuwansa ake so. Bagobiri ba ya bukatar gwaji: a ɗaya shi biyu yake faɗa, a ɗaya kuwa guda. In ka ji ya ce na so shi, shi taho, da ɗan tsayawa da jan wasali, to, wannan shi ta farko ta ƙarfafawa ce, wato shi ɗin nan ba wani ba. Faransanci ma ya raba su a fili, domin yana cewa je lui ai demandé de venir, amma je voulais qu'il vienne.

5.0 Abin da wannan ke nufi a aji

Daga abin da ya gabata ana iya hasashen inda kowane ɗalibi zai yi tuntuɓe, kuma ba wuri ɗaya ba ne. Yaron Tibiri ko Maraɗi mai koyon Faransanci ya sami je veux qu'il vienne a sauƙaƙe ta fuskar gini, wahalarsa ta haddace siffofin aikatau ce kawai. Inda za a sa ran ya faɗi shi ne (7c), saboda ina so in zo tana jansa ya sa lamiri a inda Faransanci ba ya so. Haka kuma a gangar dalili: Hausa tana cewa na zo don in gani, Faransanci kuwa pour voir, sai in mai ganin wani ne dabam a ce pour qu'il voie. Abin da malaminsa zai nanata ƙa'ida ɗaya ce, cewa in mutum ɗaya ne, a bi hanyar ina son zuwa, a bar ta ina so in zo.

Yaron Sabon Birni ko Isa kuwa matsalarsa ta fi zurfi, domin ginin da ake so ya koya babu shi a harshensa, ga kuma wani mai kama da shi yana yaudararsa. In ya fassara shi da him, sai ya rasa abin da zai fassara da to, ya rubuta *I want him come. In kuma ya ji a ransa cewa shi lamiri ce, sai ya rubuta *I want he should come, ko ya bi (10a) ya ce *I want Audu he should come. Daɗin daɗawa, Ingilishi kansa bai tsaya kan ƙa'ida ɗaya ba: yana zubar da to bayan make da let da see, yana riƙe ta bayan want da allow da enable. Shi ya sa made him to go da enable him go suka zama ruwan dare a Ingilishin Nijeriya, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Faransanci ma yana da nasa nauyin, wato zaɓi tsakanin à da de da rashin kome, kamar a commencer à da cesser de da vouloir, wanda sai hadda.

Akwai kuma wuraren da Hausa take taimako, in malami ya san ya yi amfani da ita. Bambancin he stopped smoking da he stopped to smoke yakan ci wa malamai lokaci, alhali ya daina shan taba da ya tsaya ya sha taba sun raba gardama nan take: aikatau irin su daina da dinga da riƙa ba sa karɓar lamirin umurni, sai sunan aiki ko yanki maras lokaci. Korewa ma haka: not to come da ne pas venir, inda ne da pas suke haɗuwa gaban aikatau maimakon su sa shi a tsakiya, wani lokaci kada ce takwararsu, wani lokaci rashin zuwa ko ƙin zuwa, gwargwadon ko gangar umurni ce ko tana gurbin suna.

Shawarata ga mai koyar da Ingilishi a Gobir ita ce ya guji fara wannan darasi da him, ko da littafin da ke hannunsa da ita ya fara. Ya fara da mai magana: he wants me to come, a gefenta shina so in taho. Yaro zai ga da idonsa cewa Ingilishi ya ce me, wato ni, a inda shi ya ce in, kuma ba zai taɓa cewa *shina so ni taho ba. Daga nan a kawo he asked me to come da ya roƙe ni in taho, a nuna masa cewa ni ce ta zama me, in kuma to ta tsaya a gurbinta. Sai waɗannan biyu sun zauna sa'an nan a kawo him, a rubuta na roƙe shi shi taho a allo, a sa yaro ya ja layi ƙarƙashin wadda Ingilishi ya fassara da him, ya kewaye wadda ya mayar to.